'Yan Amshi: Waƙar Taron Maza da Aikinta a Cikin Al'umma

Laccar da aka gabatar a garin Disina, Ƙaramar Hukumar Shira, Jihar Bauchi

 

   

Masu shirya wannan taro sun nemi in yi magana a kan waƙar taron maza, wato inda maza da yawa suke haɗa murya su rera abu ɗaya, in faɗi tarihinta da abin da take tsinana wa gari. Maganar da zan kare a gabanku guda ɗaya ce. In ana hirar waƙa a ƙasar Hausa, sunan mutum ɗaya ake kamawa: Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Jankiɗi. Amma bayan kowane ɗayansu akwai wasu mutane a tsaye ko a durƙushe, su ne suke karɓa in ya jefa, su ne suke riƙe waƙar in ya numfasa. Waɗannan 'yan amshi, da takwarorinsu na gona da na zauren malam, su ne suka ɗauko mana waƙa daga kakanni zuwa yau. Garin da ya bari suka ƙare, to makaranta ya rufe, taskar tarihi ya ƙona, ƙungiyar taimakon juna ya rusa, duk a lokaci guda.

Amshi a fada

Mu fara da fada, don a nan tsarin ya fi fitowa fili. Ƙasarmu tsohuwar ƙasar sarauta ce. Tun kafin jihadi ana maganar Shira da Tashena da Auyo. A farkon ƙarni na 19 Malam Zaki ya karɓo tuta ya kafa masarautar Katagum, sannan a 1916 aka mai da gadon sarautar zuwa Azare. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Azare ya san ba hakimin da yake wucewa shiru. Kowa da makaɗansa, da masu algaita, da sanƙira yana kirari, da mawaƙi da mutanensa a bayansa.

Ga yadda aikin yake. Jagora shi ne yake kafa gindin waƙa, wato 'yan layukan nan da za a riƙa komawa kansu. Da ya kafa, sai 'yan amshi su karɓa. Daga nan ya shiga kawo ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, yana yabo, yana jero nasaba, yana zambo ga abokin hamayyar ubangidansa, kuma duk ƙarshen ɗa sai a koma gindi. Amma aikin 'yan amshi ya wuce maimaita gindi. Wani lokaci jagora zai fara magana ya sake ta a tsakiya, su ƙarasa. Wani lokaci su tarbe shi tun bai kai ƙarshe ba, wani lokaci su raka shi su faɗi tare, wani lokaci kuma su yi ta karɓeɓeniya da shi har mai sauraro ya kasa gane inda jagora ya tsaya da inda suka ɗauka. Masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun bi waɗannan dabaru ɗaya-ɗaya sun rubuta su.

Ku saurari tsofaffin faya-fayan Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, za ku ji 'yan amshinsa suna ɗaukar dogon zance su kaɗai ba gargada. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an yi ta bita a gida kafin a je fada. Ku dawo kan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, za ku ji nasa salon daban. Amshinsa gajere ne, ana ta nanata shi a kan kalangu, shi kuwa yana ƙirƙirar magana nan take. Wannan ɗan tsakanin da 'yan amshi suke cikewa, a cikinsa yake shaƙar iska, ya dubi taro, ya ga wanda ya shigo, ya shirya abin da zai faɗa. Mawaƙin da ya tsaya shi kaɗai ya yi suna, kamar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ƙalilan ne, shi ya sa ma ake nuna shi.

Ƙungiyar makaɗa kuma makaranta ce mai aji-aji. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya da aike. In ya nuna kunne, a ba shi kanzagi ya riƙe. Daga nan ya shiga sahun amshi, ya shekara da shekaru yana haddace waƙoƙin gidan, yana koyon nasabar sarakuna da sunayen garuruwa da tarihin yaƙe-yaƙe. Wanda ya fi ƙwarewa shi ake naɗawa Daudun kiɗi, mataimakin jagora. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ta wannan hanya ya biyo: ya yi amshi a gidansu, ya yi wa yayansa Kurna Daudun kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiyar, 'ya'yansa kuma suka tsaya bayansa. Ke nan kusan duk babban jagoran da muke alfahari da shi, tsohon ɗan amshi ne.

Amshi a gona da dandali

Talaka ma yana da nasa taron murya. Dattawan da ke zaune a nan sun san gayya. Mai gona ya sanar, a dama fura, a dafa abinci, samarin unguwa su fito da fartanya da garma, makaɗin gangar noma yana biye da su kunya-kunya. Yana wasa sarkin noma, yana kiran sunan wanda ya tsere wa sa'o'insa, yana yi wa rago habaici, samari suna amsawa da baki ɗaya. Amshin nan shi ne yake daidaita saran fartanya, shi ne yake sa gonar da za ta ci mutum ɗaya kwana da kwanaki a tashe ta kafin la'asar, ko noman firi ne ko maimai. Kuma a gayya ake nome gonar tsoho mara ƙarfi, da ta marayu, da ta surukin da ake neman 'yarsa.

In kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, sai dandali ya ɗauka: dambe, kokawa, kalankuwa. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun zaga ƙasar Hausa, kuma duk da 'yan amshi aka yi su. Mahauta da nasu kiɗan, maƙera da nasu, maharba da nasu, masunta a bakin kogi da nasu. In azumi ya kai goma, yara maza su fito tashe gida-gida, ɗaya yana bayarwa saura suna amsawa. A nan yawancinmu muka fara koyon yadda ake haɗa murya da ta wani.

Ban manta da iyayenmu mata ba. Suna da waƙar daka da ta niƙa, da ta gaɗa, da amada irin ta marigayiya Barmani Choge. Wannan fage ne mai zaman kansa, ya cancanci tasa laccar.

Amshi a zauren malam

Yanzu na zo inda nake so mu daɗe. Makaɗin fada sana'a yake yi, yawanci gado ne, kuma yana jiran kyauta. Gayya kuma sai da damina. Amma akwai wata ƙungiyar maza da ba sana'a ba ce, ba gado ba ce, ba a biyan kowa, kuma ta shekara ɗaruruwa tana raye a garuruwanmu. Ina nufin 'yan Ishiriniya.

Ishiriniya waƙar yabon Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya tsara ta malami ne na Andalus, Abdurrahman Alfazazi, wanda ya rasu a 1230. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti 20. Daga baya wani malami, Ibn Mahib, ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara shaɗara uku a gaban kowane baiti, ya zama ƙwar biyar. Da wannan siffa ta ƙetaro Sahara ta hannun malamai da fatake, ta zauna a Tumbuktu da Borno da Katsina da Kano, ta shiga zaurukan ƙauyukanmu. Abin mamaki, waƙar da aka tsara a ƙasar da yau ake kira Sifen, ta fi samun masu rera ta a Afirka ta Yamma. Tare da ita aka zo da Burda ta Imam Busiri na Masar, da Dala'ilul Khairati na Imam Jazuli na Maroko.

Ku tuno daren watan Mauludi a ƙofar gidan malam. An yi sallar isha, an share wuri, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Da can fitilar ƙwai ce a tsakiya, yanzu ta sola. An zauna an yi da'ira, masu littafi a gaba, wasu takardun sun yi ja don tsufa, an naɗe su a gafaka. Mai jan baiti ya gyara murya ya ɗauko, kafin ya dire sauran sun karɓe, masu kaurin murya a ƙasa, matasa masu zaƙin murya a sama. A gefe ga wani tsoho ba littafi a hannunsa, idonsa ma ya yi rauni, amma da yaro ya karya wasali sai ka ji ya ɗaga murya ya maimaita kalmar daidai, ba tsawa ba faɗa, yaron ya gyara a ci gaba. In an kai wani wuri sai a sauya karin murya, wanda ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi. Ana zagayawa da shayi da goro. Mata suna saurare daga cikin gida, yara sun yi barci a gefen tabarma, amma karin ya riga ya shiga kunnensu.

Ku duba su wane ne a da'irar. Ga tela, ga manomi, ga mahauci, ga malamin firamare, ga ɗan kasuwar da ya dawo daga Azare da yamma, ga almajirin da bai mallaki komai ba sai allonsa. A wajen da'irar kowa da matsayinsa. A cikinta, wanda ya fi iya baiti shi ne gaba, ko ɗan wane ne.

Ba Ishiriniya kaɗai ba. A zawiyoyin Tijjaniyya ana haɗa murya a wazifa da zikirin Juma'a, zakirai kuma suna rera Diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975. A Ƙadiriyya akwai bandiri da bege, waɗanda Shehu Nasiru Kabara na Kano, da ya rasu a 1996, ya ƙarfafa, kuma duk shekara ana ganinsu a maukibi. Makafi sun yi shekaru suna zaga kasuwanni da Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, ɗaya yana ja ɗaya yana karɓa, har mutanen da ba su taɓa riƙe littafin ba suka haddace ta. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai suka gane cewa abin da aka sa a waƙa ya fi saurin shiga ƙauye fiye da abin da aka bari a takarda, shi ya sa suka yi ta tsara wa'azi da fiƙihu a waƙe, da Hausa da Fulatanci.

'Yan'uwanmu Kirista na wannan jiha, a Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Das, da waɗanda ke zaune tare da mu a Azare, su ma suna da ƙungiyoyin mawaƙa a majami'u, da zumuntar mata da ta maza, kuma da yawa da Hausa suke rerawa. Su sun ɗauki tsarin raba muryoyi kashi-kashi daga 'yan mishan, suka haɗa shi da salon bayarwa da amsawa na gida.

Na san akwai saɓani tsakanin malamanmu a kan wasu daga cikin waɗannan abubuwa, musamman bandiri da bikin Mauludi. Ba fatawa na zo bayarwa ba, masu ita suna zaune a nan gaba. Abin da zan ce kawai, duk ɓangaren da ka duba za ka tarar da muryoyi a haɗe: a makarantar allo, a waƙoƙin Islamiyya, a faretin 'yan agaji, a kabbarorin Idi. Ba wanda ya tsira daga amshi.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Bari mu leƙa waje kaɗan, don wani lokaci sai ka ga na wani kake sanin darajar naka. A Birtaniya akwai yankin Wales, wanda duniya ta san shi da ƙungiyoyin mawaƙa maza zalla. A ƙarni na 19 aka buɗe ramukan haƙar kwal a kwarurrukan kudancin yankin, dubban maza suka bar ƙauyukansu suka taru a can. Aiki ne mai hatsari, a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu da ƙura. In sun fito, wurin haɗuwarsu majami'a, a nan suka koyi rera waƙa da muryoyi kashi huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, ba ganga ba molo, sai dai wani lokaci fiyano. Kowane gari ya kafa ƙungiyarsa, ana gasa tsakanin gari da gari. Ƙungiyar garin Treorchy ta yi waƙa gaban Sarauniya Biktoriya a fadar Windsor a 1895, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake kafa ta a 1946. Ta Pendyrus kuwa a 1924 aka kafa ta, lokacin da rashin aiki ya addabi masu haƙar kwal.

A watan Oktoban 1966, tulin ƙasar da aka haƙo daga ramin kwal ya zaftaro kan wata makarantar firamare a ƙauyen Aberfan, mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Cikin abubuwan da mazan ƙauyen suka yi bayan wannan masifa har da kafa ƙungiyar waƙa, don su riƙa tara kuɗin taimako, su gode wa waɗanda suka agaza musu, su kuma samu wurin zama tare. Yau kusan duk ramukan kwal ɗin an rufe su, amma da yawa daga ƙungiyoyin suna nan, kukansu ɗaya da namu: 'yan ƙungiya sun tsufa, matasa ba sa shigowa.

A Afirka ta Kudu ma haka. Mazan Zulu da suka bar iyalansu suka tafi ci-rani Durban da Johannesburg, aka cusa su a gidajen kwanan leburori, su suka ƙirƙiro salon waƙar taro ba kiɗa, suna gasa a daren Asabar har gari ya waye. Daga cikinsu aka samu Solomon Linda, wanda ya ɗauki waƙarsa Mbube a faifai a 1939. Waƙar ta zaga duniya, wasu suka yi arziki da ita, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 iyalansa suka samu sulhu a kan haƙƙinsa. Daga wannan salon ne kuma ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta Joseph Shabalala ta fito, wadda duniya ta san ta bayan faifan Graceland na 1986, ta kuma raka Nelson Mandela birnin Oslo karɓar kyautar Nobel a 1993.

Darasin a fili yake. Duk inda aka tara maza a kan aiki mai wuya, ko a kan ibada, ko a kan baƙin ciki, sukan nemi hanyar haɗa murya. Bambancinmu da su, su sun rubuta sunayen 'yan ƙungiyoyinsu da shekarun kafuwarsu. Mu kuwa wa zai iya kawo mini sunayen mutum uku da suka yi wa Narambaɗa amshi?

Me taron murya yake yi wa gari?

Na farko, karatu. Mutum nawa ne a ƙasar nan suka fara jin daɗin Larabci ta Ishiriniya kafin su san nahawu? Nasabar sarakuna da labarin kafuwar garuruwa da yawa a bakin makaɗa suka tsira, ba a takarda ba. Abin da mutum ɗaya ya haddace yana iya bin sa kabari. Abin da mutum ashirin suka haddace tare, in ɗaya ya manta wani zai tuna.

Na biyu, ladabi. Ɗan amshi dole ya iya sauraro kafin ya buɗe baki. Dole ya san lokacin shiga da lokacin yin shiru. In muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi, ya rage ta don kada ya ɓata ta jama'a. In an gyara masa a gaban mutane, ya karɓa. Yaron da ya shekara biyar a wannan horo ba sai an koya masa zaman majalisa ba.

Na uku, taimakon juna. Mutanen da suke zama tabarma ɗaya duk daren Juma'a sun san halin da kowa yake ciki. In ba a ga ɗaya ba, washegari an je gidansa. In matarsa ta haihu su ne a gaba ranar suna, in ya kwanta asibiti su ne masu karo-karo, in ya rasu su ne masu ɗaukar makara, kuma su ne za su tuna da marayunsa ranar salla. Sau da yawa rigimar iyakar gona ko ta bashi a nan take mutuwa, don da wuya ka yi gaba da wanda za ka karɓi baiti daga bakinsa da dare.

Na huɗu, sauke nauyin zuciya. A al'adarmu namiji ba ya kuka a bainar jama'a, ba ya yawan faɗin damuwarsa ko ga matarsa. Amma ku dubi fuskokin dattawa in bege ya yi nisa, za ku ga hawaye yana bin gemu, ba mai jin kunya, ba mai yi wa wani dariya. Magidancin da bashi ya dame shi, ko ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadama, yakan tashi daga wurin da sauƙi a ransa. Wannan magani ne da ba a sayar da shi a kemis.

Na biyar, zumunci tsakanin garuruwa. Masu bege da makaɗa suna kai wa juna ziyara, daga Disina zuwa Yana, zuwa Shira, zuwa Giaɗe da Jama'are da Azare. Ta nan ake sanin juna, ta nan aure yake ƙulluwa, ta nan baƙo yake samun masauki.

Me ya sauya?

Ba wanda ya tashi da gangan ya kashe amshi. Abubuwa ne suka taru. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da sauye-sauyen da suka gabace shi, sun raba sarakuna da baitulmalin En'e, don haka hannun da yake ba makaɗi doki da riga da damin hatsi ya yi rauni. A gona, maganin feshi da tarakta da ƙwadagon kuɗi sun maye gurbin gayya. Samarin da za su zauna da'ira, da an gama girbi sun tafi Kano da Abuja da Legas da Fatakwal neman kuɗi, wasu ma sun daina dawowa da damina.

Sai kuma na'ura. Rediyo da kaset sun taimaki waƙar ƙungiya da farko, don su suka kai muryar Shata da Ɗanƙwairo kowane lungu. Amma da situdiyo ya zo da fiyano da kwamfuta, sai mawaƙi ya ga ba ya bukatar ciyar da mutum goma. Shi kaɗai zai shiga ɗaki, ya rera, ya yi wa kansa amshi, injiniya ya ninka muryar ta zama kamar ta taro. A gidan biki kuma an kawo lasifika an jona waya, an sallami makaɗa. Ban ce waƙar zamani ba ta da daɗi ba, kuma matasa da yawa suna cin abinci da ita, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai muryar da na'ura ta ninka ba za ta je gai da mara lafiya ba.

Akwai kuma laifinmu. Mun daɗe muna raina makaɗi, muna jin daɗin waƙarsa muna hana shi 'yarmu. Yaron da ya ga yadda ake kallon ubansa, me zai sa ya gaji kanzagi?

Abin da za mu iya yi

Ba na kiran a koma zamanin da, ba zai dawo ba. Ga abubuwa biyar da ba su fi ƙarfinmu ba.

Ɗaya, samarin da ke riƙe da manyan wayoyi su je wurin dattawan da suka rage, masu Ishiriniya da tsofaffin makaɗan noma da na fada, su nemi izininsu su ɗauki muryoyinsu. Kowane gari yana da karin muryarsa, kuma in mai shi ya tafi ba a littafi za a same shi ba.

Biyu, duk abin da aka ɗauka a rubuta sunan kowa da kowa, ba jagora kaɗai ba: wane ne, ɗan wace unguwa, a wurin wa ya koya. In wani abu ya shigo ta dalilin wannan aiki, a raba da su.

Uku, ɗalibanmu da ke Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da jami'ar jiha da ke Gaɗau, in za ku rubuta kundin kammala karatu, ga fage a ƙofar gidanku. Ba sai kowa ya sake rubutu a kan mawaƙan da aka riga aka yi wa littattafai ba.

Huɗu, malaman firamare da na Islamiyya su ware lokaci a mako don waƙar taro mai ma'ana, su gayyato dattijo daga cikin gari ya koyar, a kuma girmama shi kamar yadda ake girmama kowane malami.

Biyar, mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, in fada ta sa baki, ana iya shirya haɗuwa sau ɗaya a shekara bayan kaka, lokacin da 'yan ci-rani ba su riga sun watse ba, kowace unguwa ta kawo ƙungiyarta. Kyautar ba sai ta yi yawa ba. Abin da samari suke so shi ne a gan su, a kira sunan unguwarsu a gaban Hakimi. Masu hali na garin nan, da 'ya'yan Disina da ke aiki a birane, tabarma da lasifika da shayi ba za su gagare ku ba.

Ga ku samari kuma, kowa yana so ya zama jagora, kowa yana so a ga fuskarsa a waya. Ba laifi ba ne. Amma ku nemi da'ira ku zauna tukuna, ku koyi karɓa kafin ku koyi bayarwa, don kusan duk waɗanda kuke jin sunansu ta nan suka bi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka riƙe mana wannan gado, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Katagum da Najeriya lafiya.